ƘWARƘWATAR KAI DA 'YA'YANMU: MU SAN KWANAKINTA

Wannan shi ne jawabin da wata 'yar'uwarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a nan Sabo, Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa, saboda amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayena mata, yayyena da ƙannena, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Lokacin da shugabar mata ta aiko mini cewa ana so in yi magana yau, na ɗauka a kan hawan jini ne ko ciwon suga, don su aka saba tambayata. Sai ta ce a'a, a kan ƙwarƙwata ne. Ga shi na ga wasu sun fara murmushi, wasu kuma hannu har ya kai ƙeya. Ba komai, ni ma da nake rubuta wannan takarda sai da na yi ta susa.

Amma abin da ya kawo maganar ba na dariya ba ne. A wannan zangon karatu an koro mana yara mata daga makaranta, kowace da takarda a hannu, wai kada ta koma sai an gyara mata kai. Wata malamar ma a gaban aji ta tsayar da yarinya ta ce tana da ina ori, kamar yadda masu masaukinmu Yarbawa ke kiran abin, yara suka yi ta yi mata dariya. Uwar yarinyar ta zo wurina bayan isha'i, tana magana ƙasa-ƙasa kamar wadda ta yi sata. Maigidan ya ce ƙazantarta ce ta jawo musu abin kunya a garin mutane. Da na matsa mata da tambaya, sai ta buɗe jaka ta fito da kwalbar fiya-fiya, ta ce wata maƙwabciya ce ta ba ta shawara ta shafa wa yarinyar, ta ɗaure kan da leda ya kwana. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Wannan kwalbar ita ta sa na yarda in tsaya a gabanku yau.

To, bari mu fara da ita kanta halittar. Ƙwarƙwatar kai, wadda masana ke kira Pediculus humanus capitis, ƙwaro ce 'yar mitsitsiya. Tsawon babbarta milimita 2 zuwa 3 ne, wato kamar ƙwayar riɗi. Ƙafafunta 6, kuma a ƙarshen kowace ƙafa akwai 'yar ƙugiya wadda take maƙale silin gashi da ita. Ba ta da fiffike, don haka ba ta tashi. Ba ta kuma tsalle, mai tsalle ƙuma ce. Rarrafe kawai ta iya, sai dai a cikin gashi tana da sauri ƙwarai, kuma tana gudun haske, shi ya sa za ki buɗe tsaga ki ga abu ya gifta, kafin ki kai hannu ya ɓace.

Abincinta ɗaya ne tak, jinin ɗan Adam. Ba ta shan na akuya, ba ta shan na kaza ko kyanwa. Ku 'yan kara masu cinikin shanu, kaskar da ke jikin sa daban take, ƙwarƙwatar kaji ma daban take, babu wadda za ta zauna ta yi gida a kan mutum. Saboda haka a daina ɗora wa dabbobin gida laifi. Sau da yawa a yini takan soka ɗan bakinta a fatar kai ta sha, tana sha tana zuba wani yawu da ke hana jinin daskarewa. Ƙaiƙayin da yaro ke ji kuwa, jikinsa ne ke faɗa da wannan yawu. A nan akwai abin lura. In karon farko ne yaro ya kamu, jiki kan ɗauki mako 4 har zuwa 6 kafin ya fara ƙaiƙayi. Ke nan ranar da kika ga 'yarki ta fara susa, baƙuwar ta daɗe da sauka, ta yi 'ya'ya, wataƙila har da jikoki. Don haka, iyayena mata, wannan faɗan da ake yi a tsakar gida, wai 'yar wance ce ta shafa wa 'yata shekaranjiya wajen suna, ba shi da makama. Ba ki san wa ya shafa wa wani ba. Na san gidan hayar da mata biyu suka yi shekara ba sa gaisawa a kan wannan.

Duk da ɓarnarta, rauninta babba ne. In ta faɗo daga kai, ta rasa jini da ɗumin jiki, ba ta wuce kwana 1 ko 2 za ta mutu. Ba ta zama a bango ko a tsagar gado tana jiran dare kamar kuɗin cizo.

Ƙarfinta duk yana wurin ƙwai, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku, don shi ne zuciyar maganar. Macen takan yi ƙwai kamar 6 a rana, kuma babba kan rayu wajen kwana 30 a kan mutum. Ku yi lissafi da kanku. Kowane ƙwai tana liƙa shi ne a jikin silin gashi guda, kusa da fata inda ɗumi yake, da wani irin danƙo da ke fita daga jikinta. Danƙon nan da zarar ya bushe, ruwa ba ya narkar da shi, sabulu ba ya cire shi. Ta fi son bayan kunne da ƙeya, nan ya kamata a fara dubawa. In aka sa ƙwan a madubin likita, za a ga yana da ɗan murfi a sama mai ƙananan ƙofofi, ta nan ɗan da ke ciki ke shan iska. Ikon Allah ke nan, abin da ido da ƙyar yake gani, amma an yi masa murfi da taga.

Bayan kwana 8 ko 9, ƙwan ya ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa kamarsa ɗaya da uwarsa, ƙanƙanta kawai ya bambanta su, kuma nan take yake neman jini. Zai yi saɓa sau 3, kamar yadda maciji ke yi, cikin kwana 9 zuwa 12 ya zama babba. Daga nan mace ta haɗu da namiji, bayan kwana ɗaya ko biyu ita ma ta fara zuba nata ƙwan. Daga ƙwai zuwa mai yin ƙwai, kimanin mako 3 ke nan. Ku riƙe lambobin nan biyu, 9 na ƙyanƙyasa da 9 na girma, za mu dawo kansu.

Ɓawon ƙwan da aka fita daga cikinsa ba ya faɗuwa, yana nan maƙale, fari fat, gashi na tsiro yana tafiya da shi. Gashin mutum kan ƙaru da kamar santimita 1 a wata, don haka fararen da kike gani can tsakiyar gashi yawanci kangon gida ne, masu shi sun tashi. Mai rai launin ƙasa-ƙasa ne, yana kusa da fata, shi ne wanda kakanninmu ke matsewa tsakanin farce biyu a ji ƙas. Sai dai a ƙasa mai zafi irin tamu akan samu mai rai ɗan nesa da fata, don haka kada a raina. Ga kuma yadda za ki bambanta shi da amosani: amosani in kin hure ko kin kaɗe zai tashi, ƙwan ƙwarƙwata sai kin ja shi da farce har ƙarshen sili.

Yanzu tunda ba ta tashi ba ta tsalle, ta yaya take zagaye unguwa? Kai da kai ne, jama'a. Sai gashi ya taɓa gashi take tsallakawa. Mu dubi zamanmu a nan. Ɗaki ɗaya muke haya, yara huɗu ko biyar a katifa ɗaya. A makaranta benci ɗaya, a Islamiyya tabarma ɗaya, da yamma kuma kawuna biyar a kan waya guda ana kallo. Mataji da ɗankwali da hijabi da hula da matashin kai su ma suna iya ɗauka, amma ba kamar haɗa kai ba. 'Yan mata sun fi kamuwa don sun fi jingina da juna wajen wasa. Kitso kuwa fuska biyu gare shi. Gashin da aka kitse ya fi wuyar taɓa na wani, wannan gaskiya ne. Amma kitson da zai yi wata guda ba a tsefe ba, musamman irin na ƙari da 'ya'yanmu suka koyo a nan, in har ta riga ta shiga, to ta samu ɗaki da mabuɗi.

Ina maganar ƙazanta? Ƙwarƙwatar kai ba ruwanta da tsabtar mai kai. Jini take nema, kuma jinin mai wanka sau uku a rana da na wanda bai yi ba duk ɗaya ne a wurinta. In an zuba ruwa sai ta ƙanƙame gashi ta yi lamo, tana iya jure sa'o'i a haka, a gama wanka ta ci gaba da harkarta. A Amurka, inda ruwan famfo ba ya yankewa, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa ana samun kamuwa miliyan 6 zuwa 12 kowace shekara a tsakanin yara 'yan shekara 3 zuwa 11. A Masar an samu ƙwanta a gashin gawarwakin da aka adana tun zamanin Fir'aunoni. Kuma malamai suna nan, in na yi kuskure su gyara mini: a shekarar Hudaibiyya, Sahabi Ka'abu ɗan Ujrata, Allah ya yarda da shi, yana cikin harami ƙwarƙwata ta dame shi har tana zubowa a fuskarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa izini ya aske ya yi fansa da azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya. Magani aka ba shi, ba a kunyata shi ba. Ina so iyayenmu maza su ji wannan da kyau, don kalmar ƙazama da ake jifan matar gida da ita, ita ke sa ta ɓoye abin, ta je ta yi maganin dare da babu wanda ya sani.

Su ma Yarbawan da ake jin kunyarsu, ai suna da karin magana cewa muddin ƙwarƙwata ba ta ƙare a tufa ba, jini ba zai ƙare a farce ba. Wanda bai san abu ba ai ba ya yi masa karin magana. Wannan ya kawo ni ga 'yar'uwarta, ƙwarƙwatar tufa. A ido kusan ba ka bambanta su, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Ta tufa a bakin ɗinkin riga da wando take zama ta yi ƙwai, yunwa ce kawai ke fito da ita kan fata. Tana kama wanda ke kwana ya tashi da tufa ɗaya makonni ba wanki ba canji, kuma ita ce mai ɗauke da mugayen cututtuka. A 1909 wani likita Bafaranshe, Charles Nicolle, ya gano a birnin Tunis cewa ita ke yaɗa zazzaɓin taifus, wanda daban yake da taifod da muka sani, har aka ba shi kyautar Nobel a 1928. Ita ce kuma ke kawo wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo, wanda annobarsa ta ratsa Afirka ta Yamma cikin shekarun 1920 ta kashe jama'a da yawa har a Arewa, kuma har yanzu ana fama da shi a Habasha. Maganinta wanki da ruwan zafi da guga. Masu almajirai a hannunsu, da masu masaukin 'yan dako da fatake, wannan naku ne.

Ta kai kuwa, alhamdu lillahi, ba a san ta da yaɗa cuta ba. Ɓarnarta ita ce hana barci, don ta fi motsi cikin duhu, yaro ya je aji yana gyangyaɗi. Sai kuma susa, wadda ke fasa fata, ƙwayoyin cuta su shiga, kai ya yi ƙuraje masu ruwa, kaluluwa ta fito a wuya. In ya kai haka sai asibiti.

To ku auna da kanku. Ƙwaron da ba ya kisa, a ɗauko masa abin da ke kisa. Fiya-fiya da Sniper guba ce ta gona da ƙwarin ɗaki, ba sai an sha ba, ta fata ma tana shiga jini, balle fatar kan yaro da susa ta riga ta farfasa, balle kuma an rufe da leda. Alamunta su ne dalalar yawu, zufa, amai, numfashi ya sarƙe, jiki ya kama karkarwa. A 2019 jaridu sun ba da labarin wata budurwa a jihar Osun, nan kusa da mu, wadda ta rasu bayan ta sa Sniper a gashinta don kashe ƙwarƙwata, kuma a shekarar ce hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni barkatai. Kananzir ma haka. Ina aiki aka taɓa kawo mana yarinya da aka jiƙa wa kai da kananzir, ta je ta tsuguna kusa da risho. Ta rayu, amma gashin gefe ɗaya bai sake fitowa ba. Garin neman gira an rasa ido. In tsautsayi ya sa an riga an shafa, a cire wa yaro tufafin, a wanke kan da sabulu da ruwa mai yawa, a ruga asibiti tare da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa manja, kada a sa shi amai.

Me za a yi ke nan? Namiji dai nasa mai sauƙi ne, a kai shi wurin wanzami a yi masa ƙwal, an gama. Mace kuwa hanya biyu ce, kuma duka biyun a kan lambobin nan da na ce ku riƙe suka tsaya.

Akwai maganin shafawa da ake samu a kemis, irin mai sinadarin fametirin da mai dimetikon. A tambayi ma'aikacin lafiya, a bi abin da aka rubuta a kwalin, kuma jariri da mai ciki sai da izinin likita. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, galibin magungunan nan suna kashe masu rarrafe ne, ƙwai da yawa suna tsira. Uwa ta shafa yau, gobe ta ga kai fes, ta ce an rabu. Bayan mako uku abu ya dawo, ta ce maganin jabu ne, ko kuma jinin yarinyar ne mai zaƙi. Alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Dole a maimaita a wajen kwana na 9, lokacin da ƙwan da suka tsira sun ƙyanƙyashe, amma 'ya'yan ba su isa yin nasu ƙwan ba. In kin yi da wuri da yawa, akwai sauran ƙwai a rufe. In kin makara, sababbi sun zuba. In kuma an yi sau biyu daidai amma har yanzu ana ganin masu rai, a koma wurin likita ya canza, don a ƙasashe da dama ƙwarƙwata ta saba da fametirin, ba ya kashe ta. Na san wasu na ba yara ƙwayar Mectizan da ake rabawa don makantar rafi. Tana aiki, amma ba a ba ƙaramin yaro da bai kai kilo 15 ba, ba a ba mai ciki, kuma likita ne zai ce a sha.

Hanya ta biyu ita na fi so, don ba ta cin kuɗi, haƙuri take ci. A tsefe kai, a wanke, a shafe shi da mai sosai, man kwakwa ko man zaitun ko man gashi mai santsi, don mai na rage mata gudu. A fara warware gashin da babban mataji, saboda gashinmu ba ya yarda da ƙaramin mataji kai tsaye, in aka tilasta yarinya za ta sha kuka ta tsani abin. Sannan a raba shi gida-gida, a ɗauki mataji mai ƙananan haƙora a matse, a riƙa ja daga fata har ƙarshen gashi, kowane ja a goge a farin ƙyalle a duba. A zauna a waje cikin hasken rana. Ana yin haka ranar 1, ranar 5, ranar 9 da ranar 13. In kin fara Asabar, sai Laraba, sai Lahadi, sai Alhamis, ranar Litinin ta bayanta kuma ki sake dubawa. Hikimar ita ce duk wanda ya ƙyanƙyashe kin kwashe shi kafin ya girma. A makonnin nan biyu a haƙura da ƙananan kitso, a yi manya guda huɗu ko shida masu sauƙin tsifa.

Kuma a duba kowa da ke kwana a ɗakin, har uwa, har kaka, duk mai ita a yi masa rana ɗaya. In gida ne mai ɗakuna da yawa, matan gidan su haɗa baki su sa rana. Zanen gado da ɗankwali da hijabin da aka yi amfani da su cikin kwana biyun da suka wuce a wanke da ruwan zafi, mataji a jiƙa shi a ruwan zafi minti 10. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda mako 2. Ba sai an ƙona katifa ba, ba sai an yi wa ɗaki feshi ba. 'Yan'uwana masu kitso, ku ne kuka fi kowa ganin kan yaran unguwar nan. In kin gani, ki ja uwar gefe ki faɗa mata a kunne, kuma ki tsoma matajinki da tsinkenki a ruwan zafi kafin kai na gaba.

Saura maganar makaranta. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa bai kamata yaro ya rasa karatu saboda ƙwarƙwata ba, balle saboda farin ɓawon da babu komai a ciki. Ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon kwamitin ilimi ya je ya zauna da shugabannin makarantun da yaranmu ke zuwa, cikin mutunci, a roƙe su in an ga abin a kira uwa a faɗa mata ita kaɗai, a fara magani a daren, yarinya ta koma aji da safe. In ana so in bi su, zan bi.

Na zo da mataji irin wanda nake nufi guda uku da madubin ƙara girma. Bayan an tashi, mata su same ni a ɗakin baya in nuna yadda ake raba gashin da yadda ake riƙe matajin. Wadda kuma ta san tana da irin kwalbar nan a ƙarƙashin gado saboda kan yara, ta kawo mini ita gida, ba zan tambaye ta komai ba.